Shirun da Kyamarata Ta Katse

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Rabi'atu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, ina roƙon Allah Ya sa kin sauka lafiya, hanya ba ta ba ku wahala ba, kin kuma dace da abokan zama masu mutunci. Allah Ya tsare min ke a tafe da zaune, Ya raba ki da sharrin abin da kike gani da wanda ba kya gani. Innarki tana gaishe ki. Ta ce a gaya miki man shanun yana can ƙasan jaka cikin gwangwani, kada ki danne shi da littattafai.

Na san za ki yi dariya ki ce yau kuma Baba ne da wasiƙa, ga waya a aljihunsa. To, yi abinki. Ni da duk Bagudo aka sani da surutu, ni da 'yan kasuwa suke cewa in Garba mai hoto ya buɗe shago a kashe rediyo, ni ne na kasa gaya miki magana ɗaya baki da baki har shekara goma. A satin nan kaɗai sau uku ina kiran ki. In kin zo kin durƙusa sai zuciyata ta karye, in ce ki miƙo min buta. Na ga kina kallona kina mamakin wannan yawan alwala.

Ga abin da ya tayar da maganar. Ran Laraba ina zaure ina goge kyamara, na jiyo ki a madafa kina magana da Innarki. Kika ce za ki tafi kwalejin horon malamai tunda an riga an ba ki gurbi, amma in kin je za ki nemi hanyar ajiye karatun, ki riƙa bin makarantu da gidajen biki kina ɗaukar hoto. Innarki ta ce, "Haba Rabi, ba ke kika cika takardar da hannunki ba?" Kika ce, "Inna, ina son koyarwa, Allah Ya sani. Amma bakina ya taɓa ba ni kunya a gaban jama'a. Mai hoto ba ya sai ya yi magana ba."

Tsumman da ke hannuna faɗuwa ya yi. Rabi, ki saurare ni da kyau. Ba bakinki ne ya ba ki kunya ba ran nan. Ni ne, ubanki, da kyamarata. Kina shirin ajiye abin da kike so saboda laifin da ba naki ba, ni kuwa ba zan iya barin ki tafi da shi a ka ba.

Bari in ba ki labarin ranar daga inda nake tsugune, don ke daga inda kike tsaye kawai kika san shi.

Kina aji huɗu a firamare, shekararki tara. In'inarki a lokacin ta yi tsanani, har in an aike ki sayen gishiri kin gwammace ki nuna da yatsa. Sai Allah Ya haɗa ki da Malama Asma'u, malamar ajinku. Ita ta rubuta wata 'yar waƙa a kan kogin Kwara da ke biyowa ta garin Dole Kaina, baiti goma sha biyu, ta ce ke za ki karanta ranar rabon kyaututtuka. Ta koya miki dabara: in kin kai ƙarshen baiti ki rufe baki, ki taɓa cinyarki da yatsa sau uku, ki ja numfashi, sannan ki shiga baiti na gaba tare da numfashin. Wata uku kuna wannan aiki. Ni ina? Ina can Illo ranar kasuwa ina ɗaukar fatake hoton fasfo, ina tsallaka iyaka bin bukukuwa. Na san dai za ki yi waƙa. Ban taɓa tambayar yadda aka yi bakinki ya saki ba.

Ranar aka cire katakon da ya raba aji biyu, aka jera bencina, iyaye suka cika ɗakin har tagogi. Janareta ya ƙi tashi, don haka ba lasifika. Hedimasta ya miƙe ya roƙi jama'a su yi tsit saboda muryar yarinya ƙarama ce. Aka kuwa yi tsit, har kukan akuyar bayan makaranta ana ji. Ni kuma na kutsa na wuce kowa, na tsuguna a gabanki, tsakaninmu bai fi taku huɗu ba. Ina jin kaina, wallahi. 'Yata ce a kan dandamali, kyamarata ce a wuya.

Kin san tsohuwar baƙar kyamarar nan mai nauyi da ke cikin akwati yanzu. A cikinta akwai madubi. In an danna, madubin ya ɗaga ya bugi sama, labulen ciki ya buɗe ya rufe, madubin ya dawo ya sake bugawa. Shi ne wannan ƙaras ɗin. Kafin shi kuma akwai wata 'yar tsuwa da take yi, tit-tit, in ta kama fuska.

Mu masu hoto muna da wata ƙa'ida da kowa ya koya daga maigidansa: ba a ɗaukar mutum yana cikin magana. Baki zai fito a karkace, ido a lumshe, mai hoto ya sha zagi. Ana jira ya rufe baki, fuska ta natsu, sannan a danna. A wurin ɗaurin aure da taron siyasa wannan ƙa'ida ba ta taɓa ba ni kunya ba. Da ita na zo miki.

Kika fara, muryarki tana rawa kaɗan amma tana fita tas:

"Kwara uwa, mai tafiya ba hutu,"

Kika rufe baki. Fuskarki ta natsu, haske daga taga ya sauka a kumatunki. Na ce a raina, yawwa! Na danna. Kika ƙifta ido, amma kika ci gaba.

"Kin baro Dole Kaina da sanyin safiya,"

Kika rufe baki, na sake dannawa. Haka muka yi ta yi, ni da ke. Duk inda kika tsaya neman numfashi, nan nake jefa miki ƙara. Na ga yatsanki yana taɓa cinya, na ɗauka ƙaiƙayi ne. A baiti na huɗu wasu yara suka fara ƙyalƙyala, don sun gane duk shirun da kika yi sai ƙaras ya biyo baya, suna jiran sa kamar wasa. A ƙarshen baiti na shida na ga kin yi kyau ƙwarai, sai na danne madannin ban ɗaga ba, kyamara ta yi ta zubowa, ƙaras-ƙaras-ƙaras. Yatsanki ya taɓa sau ɗaya, ya taɓa na biyu, bai kai na uku ba. Kika buɗe baki ba numfashi a ƙirjinki, harafin farko ya maƙale. Kika yi ta turawa ya ƙi fita. Kuma abin da ya fi ci min rai har yau, ko a wannan halin sai da yatsana ya sake dannawa sau ɗaya, don sabo. Kika sauke ido kika kalle ni. Malama Asma'u ta hau ta kama hannunki ta sauko da ke.

To ga abin da nake so ki riƙe, ko malama kika zama ko mai hoto. Shirun da yaro yake yi a tsakiyar karatu ko waƙa ba hutu ba ne, aiki yake yi a ciki. Nan yake neman numfashi, nan yake lalubo abin da ke gaba. Wannan shirun nasa ne, ba ki da haƙƙin taɓa shi. Haka yake ga mai karatun Alƙur'ani ranar walima in ya tsaya a ƙarshen aya, haka ga yarinyar da ke wasan kwaikwayo in ta yi jim kafin ta amsa. In za ki danna, ki ɓoye ƙararki cikin wata ƙara: lokacin tafi, lokacin da ganga ta tashi, lokacin da duk aji suka ɗauki amshi, lokacin da jama'a suka fashe da dariya. In yaro shi kaɗai ne kuma ba tafi ba kiɗa, ki bari sai ya gama gaba ɗaya. Fuskar yaro a daidai lokacin da aka fara yi masa tafi ta fi duk wata fuska da za ki samu a tsakiya. In ma hoton ya wuce ki, ya wuce. Ba wanda ya taɓa kwana asibiti don an rasa hotonsa.

Kuskurena na biyu bai jira gobe ba, a bakin ƙofar makaranta na yi shi. Ina saka kyamara a jaka sai ga Malama Asma'u, idonta jajur. Ba ta ko gaishe ni ba.

Ta ce, "Malam Garba, ka san abin da ka yi kuwa?"

Na ce, "Me na yi, Malama?"

Ta ce, "Wata uku muna gina wa yarinyar nan wurin da za ta ja numfashi. Kai kuma ka zo ka zauna a ciki."

Kai! Raina ya ɓaci. Ga mutane suna wucewa, ga wasu har sun tsaya. Na ce, "Malama, shekara ashirin ina wannan sana'a, ba a taɓa cewa kyamarata ta hana wani magana ba. Yarinya ce ta ga jama'a ta tsorata. Ke ma da kin san halinta ai da ba ki ɗora ta ba."

Ta dube ni ta ce, "Allah Ya ganar da kai." Ta juya.

Na zo gida na tarar kin shige bayan randa kin haɗa kai da gwiwa. Na zauna kusa da ke, na shafa kanki, na ce, "Ba komai, Rabi, tsoro ne. Kowa yana yi. Wani bakinsa ba na taro ba ne, kuma ba laifi ba ne." Kin tuna? Na san kin tuna, don kusan kalmomin nan na ji a bakinki ran Laraba. Ni a lokacin gani nake lallashi nake yi. Ashe kayana na sauke na ɗora miki, kika karɓa don Baba ne ya faɗa.

Saboda haka in aka kira ki ɗaukar hoto a makaranta, kada ki fara da hedimasta ki tsaya nan. Ki nemi malamar da ta horar da yaran. Ki tambaye ta: wane yaro ne mai kunya, wanne ne ke rikicewa, ina ne wurin da ba a son motsi? In suna gwaji kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ki je. A wurin gwaji za ki ɗauki duk hoton kusa da kike so, ki danna son ranki, in yaro ya ruɗe a sake. Ranar taro kuwa ba a sakewa. Kuma in wani ya tare ki ya ce kin yi ɓarna, ko da a gaban mutane ne, ko da bai iya magana ba, ki haɗiye fushin ki ji shi tukuna. Kin gaji zuciyata, na sani, sai dai ke taki a ciki take ci.

Kuskurena na uku ma sai na faɗa, ko da yake kunya kamar in nutse. A cikin hotunan ranar akwai wanda ya yi kyau na ban mamaki, wanda na ɗauka a ƙarshen baiti na biyu. Na sa aka wanke shi babba, na saka a gilashi, na rataye a shago daidai inda mai shigowa zai fara gani. Mutane suna cewa, "Kai, Garba, hannunka da albarka!" Ni kuwa ina washe baki. Shekara biyu yana nan. Na lura in an aiko ki da abinci ba kya shigowa, sai ki tsaya a waje ki miƙo kwano ki gudu. Na ce ƙuruciya ce. Ban taɓa kawowa a raina cewa ranar da kika fi tsana a duniya ce na rataye miki a bango ba.

Hoton yaro ba naki ba ne don ke kika ɗauka. Kafin ki rataye shi ko ki tura wa mutane a waya, ki tambayi iyayensa, shi ma ki tambaye shi. Wanda kika kama yana kuka ko ya daburce, ki goge tun kafin ki bar wurin. Kada ki ce ai abin dariya ne in ya girma. Wani ba ya girma ya wuce shi.

Yanzu bari in gaya miki yadda aka yi na gane, don wannan aikin Innarki ne, kuma ta ce in na rubuta ban sa ba za ta karɓi biro ta sa da kanta.

Bayan shekara biyu aka kira ni makarantarku in ɗauki 'yan aji shida hoton jarrabawa, a wannan ɗakin dai. Na gama bayan azahar, yara sun watse, sai ga ta ta biyo da ƙwaryar fura ta kawo min. Ta tsaya tana kallon ɗakin. Can ta ce, "Malam, ba ni abin nan."

Na ce, "Wane abu?"

"Kyamarar. Nuna min inda ake dannawa. Kai kuma hau can ka tsaya inda Rabi ta tsaya."

Na ce, "Hajo, wasa kike ji da tsakar rana?"

Ta ce, "Awo, wasa nake ji. Hau dai. Ka lissafo min watannin Musulunci, ka huta bayan kowane wata."

Na hau ina dariya. Ta tsuguna a gabana, taku huɗu. Na ce, "Muharram." Na yi shiru. Ta danna.

Rabi, shekara ashirin da biyu ina riƙe da kyamara, ranar na fara jin ta daga gaba. Mu da ke baya ƙarar tana mana daɗi, alama ce aiki ya yi. Daga gaba kuwa, cikin ɗakin siminti mai rufin kwano, kamar an karya kara a cikin kunnenka. Kuma ba ƙarar ce kawai ba, jiran ta ne. Da na ce Safar, maimakon in nemi wata na gaba, sai hankalina ya koma kan yatsan Innarki. Ina kaiwa Jimada na ɗaya ta danne madannin kamar yadda na yi miki. Wallahi tallahi, ni da na haddace watannin nan tun ina tsirara, na tsaya baki buɗe ban san me ke biye ba.

Ta ajiye kyamarar a benci a hankali. Ta ce, "Kai babba ne, ɗakin ba kowa, kuma ba ka da in'ina." Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita, furar ma ba ta bar min ba.

Ranar na sauke hoton daga bango. Daga nan kuma na shiga neman yadda zan kashe bakin kyamara. Na fara da tit-tit ɗin nan, ashe a cikin saiti ake kashe shi, abin minti ɗaya, ni kuwa shekaru ina tsuwa a kunnen mutane. Na mayar da ita ɗauka ɗaya-ɗaya, na daina barin ta tana zubowa. Na yanko soson tsohuwar katifa na naɗe jikinta, na ɗaure da tsohon rawanina, na bar wa gilashi da yatsa hanya. Kin sha yi min dariyar wannan, kina cewa Baba ya yi wa kyamara goyo. Ƙarar ba ta mutu duka ba, amma ta ragu sosai. Sai dai in rana ta yi zafi nakan kwance ta ta sha iska. Abin da ya fi duka aiki kuwa shi ne nisa. Na daina tsugunawa a gaba. Na koma can baya kusa da ƙofa da dogon gilashi mai jawo nesa kusa, wani lokaci ma a waje nake tsayawa in ɗauka ta taga. Fitilar kyamara kuwa ban sake kunna ta a fuskar yaro yana karatu ba. In na zaɓi wuri, nan nake tsayawa har a yi tafi, ba na yawo ina jan takalmi.

Kyamarar da na saka miki a jaka, ƙaramar, ba ta da madubi, kuma kin san tana da saitin shiru, in kin kunna ko ke ba za ki ji ta ba. Amma kada ki yarda da ita ido rufe. A ƙarƙashin wasu ƙwayayen lantarki, musamman in janareta ne, sai hoton ya fito da ratsi-ratsi. Ki isa da wuri ki gwada a bango, in kin ga ratsi ki rage saurin ɗauka har ya ɓace, in ya ƙi ki nemi a buɗe tagogi a kashe ƙwan. In kuma yara suna rawa da sauri, saitin shiru yakan lanƙwasa hannu da sanda. To ai rawa da kiɗa take zuwa, sai ki mayar da ita saitin da aka saba, ganga ta rufe miki. Ki kuma kashe ɗan jan hasken da take haskawa in tana neman fuska. Iyaye masu ɗauka da waya su ma yanzu sun zama abin da na zama. Kada ki yi musu faɗa. Ki roƙi mai gabatarwa ya sanar tun farko a kashe ƙarar waya, a kuma yi musu alkawarin in an tashi za a jera yaran kowa ya ɗauka har ya gaji.

Kin ga duk wannan? Na iya shi har ya zama abin yabona. Makarantu daga nan har Illo, har tsallaken iyaka, ni suke nema, wai mai hoton da ba a jin motsinsa. 'Ya'yan mutane da yawa sun gama waƙarsu lafiya a gabana. Ke kuwa, wadda a kanki na koya, ban zo na ce miki komai ba. Wannan shi ne kuskurena mafi girma, kuma shekara takwas na yi ina yin sa kullum.

Innarki ta sha cewa in gaya miki. Ta ce ita ba za ta faɗa ba, don ba ita ta ɗora ba, ba ita za ta sauke ba. Ni kuwa in ce sai kin ƙara girma. Da kika girma na ce ai ta manta, kada in tayar mata. Ƙarya nake yi wa kaina. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Kina kallona da wani irin ido, kamar ba abin da Baba zai yi ba daidai ba, ni kuwa ina son wannan kallon, ban so in rasa shi. Ranar da kika shigo shago da ƙafarki, kina 'yar shekara goma sha huɗu, kika ce in koya miki hoto, na yi murna har na kasa cin abinci. A ƙasan murnar kuwa na san abin da kike nema. Wurin ɓuya kike nema, inda za ki kalli mutane su ba su kalle ki ba. Na sani, na kuma miƙa miki kyamarar na yi shiru.

Kada ki bar gyara ya tsaya a kan aiki. In kin ɓata wa mutum, shi za ki fara nema, tun abin yana ɗanye. Jinkiri ba ya rage nauyin maganar, ni shaida ne.

Jiya da safe na hau babur na je Sharabi, inda Malama Asma'u take zaune tun da ta yi ritaya. Na same ta tana shanyar kuɓewa. Na tsuguna na gaishe ta, na ce na zo ba ta haƙuri.

Ta ce, "Malam Garba, ka makara."

Na ce, "Na sani, Malama."

Ta ce, "Amma dai ka zo. Tashi ka hau tabarma." Da na gaya mata abin da kike shirin yi, sai ta ajiye faifan hannunta. Ta ce, "Ka gaya mata ban ɗora ta don tausayi ba. Yara arba'in ne a ajin, na gwada su duka. Ita kaɗai ce in ta karanta sauran suke daina motsi. Ka ce in ji ni, mai in'ina da ya san darajar numfashi ya fi mai surutu iya koyarwa." Ta harare ni da ta zo kan mai surutu, na kuwa karɓa.

Ba na ce miki in'ina ta tafi ba, kuma ba na ce ba za ki ƙara maƙalewa a gaban aji ba. Za ki maƙale, wata rana ma yara su yi dariya. Amma ki yi lissafi da gaskiya. Yarinya 'yar shekara tara, ba lasifika, ɗaki cike da manya, ubanta yana buga mata ƙara a duk numfashi, ta kai baiti shida ba ta yi tuntuɓe ba. Ni wata biyar na iya kaiwa. Kuma ina jin ki da yamma in kin tara 'ya'yan maƙwabta a gindin darbejiya kina koya musu karatu, kina tsammanin ba mai ji. Ba na jin wata mai tsoro a wurin.

In bayan duk wannan kin zauna kin duba kin ga hoto ne zaɓinki, wallahi da hannuna zan ba ki makullin shago, ina alfahari. In koyarwa ce, ki tsaya a gaban allo ki ja numfashinki yadda Malama ta koya miki, duniya ta jira. Abin da ba zan yarda da shi ba kawai shi ne ki zaɓa a kan maganar da na gaya miki a bayan randa. Maganar nan ƙarya ce, na janye ta.

Saura abu ɗaya, shi ne mai wuyar. Ki yafe min, ɗiyata. Na cuce ki ban sani ba, na kuma cuce ki ina sane. Ina son ki fiye da yadda bakina mai yawan magana ya taɓa iya faɗa. Kada ki kira ni yau ki ce ba komai don kawai ni ubanki ne, na san halinki, za ki yi haka don kada in damu. Ban yarda ba. In fushi ya zo, ki bar shi ya zo, haƙƙinki ne. In sai bayan sati za ki iya magana, ko wata, ko sai kin dawo hutu, duk daidai ne. Ki ɗauki lokacinki. Wannan karon ba zan katse ki ba, zan jira har ki gama.

Allah Ya tsare ki, Ya buɗa miki ƙirji, Ya sanya albarka a karatunki da harshenki. Allah Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya dawo min da ke gida lafiya. Na bar ki a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalam.

Naki,
Baba